Tsakanin 'Yancin Magana da Kare Mutunci: Tarihin Sashe na 24 na Dokar Laifuffukan Intanet a Nijeriya

1.0 Gabatarwa

A watan Mayu na shekarar 2015, ana saura 'yan kwanaki ya sauka daga mulki, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Laifuffukan Intanet. Mafi yawan sassan wannan doka sun shafi damfara ne da satar bayanan banki da kutse cikin kwamfutocin jama'a, wato abubuwan da suka daɗe suna zubar da mutuncin ƙasar nan a idon duniya, kuma babu wanda ya yi jayayya da su. Sashe ɗaya ne ya zame alaƙaƙai, shi ne sashe na 24, wanda aka ce an tsara shi domin kare mutane daga tsangwama da cin zarafi ta hanyar intanet. Manufar wannan maƙala ita ce bin salsalar wannan sashe domin a ga inda kalmominsa suka fito, da irin mutanen da ya kare, da kuma waɗanda ya kama. Yin haka na bukatar a waiwaya baya, domin kuwa rigimar da ke tsakanin bakin mai magana da mutuncin wanda aka yi maganar a kansa ta girmi intanet nesa ba kusa ba.

2.0 Magana da Iyakarta a Wurin Bahaushe

Bahaushe bai taɓa ɗaukar magana da wasa ba. Ya ce magana zarar bunu ce, ya kuma ce baki shi ke yanka wuya. Duk da haka, al'adarsa ta ware wa suka da muzantawa gurabe sanannu, har ta raɗa wa kowane iri sunansa. Akwai zagi, wanda ake yi ƙiri da muzu. Akwai zambo, inda makaɗi kan siffanta mutum da munanan kamannu yadda kowa zai gane shi, kamar yadda makaɗan fada irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka riƙa yi wa masu ja da iyayen gidansu. Akwai habaici, wanda ba a kama suna, sai dai mai kaza a aljihu ya ji tsoron fyat. Sannan ga barkwancin da ke tsakanin taubasai, ko tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, inda mutum zai faɗa wa wani maganar da in a wani wuri ne sai an raba su da sanda, amma a nan dariya za a yi. A Kano, lokacin tashe cikin watan azumi, Nalako kan bi gwagware gida gida ana yi musu tsiya a bainar jama'a, kuma ba a jin wani ya kai ƙara.

Abin lura shi ne, kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da lokacinsa da wurinsa da wanda aka yarda ya yi shi. An san mai maganar, an san gidansu, kuma idan ya wuce gona da iri akwai mai unguwa da dattawan da za su tsawata masa. Shari'ar Musulunci kuma ta zo ta ƙara ɗaure abin. Ta haramta giba da annamimanci, ta yanka wa mai ƙazafi bulala 80. Malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ce ake bi a ƙasar Hausa, sun ma tafi a kan cewa wanda ya jefi wani da alfasha ta hanyar jirwaye mai kamar wanka, matuƙar an fahimci nufinsa, haddi ya hau kansa. Ke nan tun kafin zuwan Turawa alƙalan ƙasar nan sun san cewa habaici na iya yin ɓarnar da zagi bai yi ba. Wanda wannan hukunci yake karewa kuwa shi ne duk mai mutunci, talaka ne ko basarake, mace ce ko namiji.

3.0 Dokar Tunzura Jama'a

Dokar da Turawan mulkin mallaka suka kawo ta ɗauki wata fuska dabam. Jaridu sun fara fitowa a kudancin ƙasar nan tun 1859, lokacin da Henry Townsend ya kafa Iwe Irohin a Abeokuta, kuma zuwa ƙarshen ƙarni na 19 jaridun Legas sun zame wa gwamnoni ƙaya. A 1903 aka kafa dokar da ta wajabta wa mai jarida ajiye jinginar fam 250. A 1908 Herbert Macaulay ya buga wata ƙasida yana zargin almundahana a aikin jirgin ƙasa ƙarƙashin Gwamna Walter Egerton, shekara na zagayowa, a 1909, sai ga dokar hana tunzura jama'a, wadda ta mai da jawo wa gwamnati ƙiyayya ko raini babban laifi. Daga dokar laifuffuka ta Indiya aka kwaikwayo ta, kuma daga baya ta shige cikin kundin laifuffuka na 1916.

Da wannan makami aka yi ta ɗaure 'yan kishin ƙasa. An ɗaure Anthony Enahoro wata 9 a 1946 yana editan jaridar Daily Comet. An ɗaure shugabannin ƙungiyar matasan Zik bayan wata lacca da suka shirya a Legas a 1948, cikinsu har da Malam Raji Abdallah, wanda ya yi aiki a Kano. A Arewa kuwa hanyar ta ɗan bambanta, domin jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939 ta hukuma ce, saboda haka ba a bakin jarida faɗan ya fi zafi ba. A dandalin lacca da waƙoƙin siyasa ya yi ƙamari. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agusta na 1950, sai da izinin En'e ake yin taro, kuma kotunan alƙalai sun ɗaure 'yan jam'iyyar da dama bisa tuhumar zagin sarki ko ta da hankalin jama'a. Hajiya Gambo Sawaba kaɗai ta shiga kurkuku ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ba za a ce waƙoƙin zamanin tsarkakakku ba ne, domin mawaƙan NEPU da na NPC duk sun yi zambo mai ƙuna, har suna taɓa iyaye da asali. Sai dai ɓangare ɗaya ne ya fi kwana a gidan yari.

Samun mulkin kai bai kawar da dokar ba. Tsarin mulki na 1960 ya tabbatar da 'yancin faɗar albarkacin baki, amma a 1961 Kotun Ƙoli ta Tarayya ta yanke cewa dokar tunzura jama'a ba ta saɓa masa ba, a shari'ar Dokta Chike Obi, malamin lissafi kuma ɗan majalisa, wanda ya rarraba wata ƙasida yana sukar gwamnati. Sai a 1983 ne aka sami juyi. Arthur Nwankwo ya rubuta littafi a kan yadda Gwamna Jim Nwobodo yake mulkin Jihar Anambra, Babbar Kotun Onitsha ta ɗaure shi shekara guda, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Inugu ta rushe hukuncin. Hujjarta ita ce, doka ce ta zamanin da ake mulkin mutane ba da yardarsu ba, kuma ba ta dace da tsarin mulki na 1979 ba. Ta ƙara da cewa mai riƙe da muƙami dole ya jure suka, idan kuwa yana ganin an yi masa ƙarya, to ya shigar da ƙarar neman diyya kamar kowa. Wannan hukunci yana cikin mafi kyawun abin da kotunan ƙasar nan suka taɓa faɗa a kan batun, sai dai bai daɗe yana aiki ba sojoji suka dawo.

Mulkin soja bai bukaci dogon bayani ba. A 1973 wani dogarin gwamnan Jihar Ribas ya sa an aske kan ɗan jarida Minere Amakiri, aka yi masa bulala 24, saboda labarin koken malaman makaranta da ya fito ranar bikin haihuwar gwamna. A 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa Dokar Soja ta 4, wadda ta haramta buga duk abin da zai jawo wa gwamnati ko jami'inta raini, aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar The Guardian shekara ɗaya ɗaya. Janar Babangida ya soke ta a 1985.

4.0 Asalin Kalmomin Sashe na 24

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, kuma kafin shekara 15 ta kai Facebook da WhatsApp da Twitter har ƙauyuka. A nan ne aka ga sabon abu. Mutum zai iya ɓoye sunansa ya yi wa wani ƙazafi, dubban mutane su gani cikin sa'a guda, kuma maganar ba ta gogewa. Duk iyakokin nan na al'ada da aka ambata a baya, wato sanin mai magana da wuri da lokaci da dattawan sulhu, babu ɗayansu a wannan fili. Don haka ko shakka babu ana bukatar doka. Tambayar ita ce wace iri.

Sashe na 24 kamar yadda aka zartar da shi a 2015 ya kasu gida biyu. Ƙaramin sashe na 2 ya shafi barazana, wato saƙon da zai jefa mutum cikin tsoron kisa ko rauni ko sacewa, ko kuma a tsorata shi da ɓata masa suna domin a karɓi kuɗi. Hukuncinsa na iya kaiwa ɗaurin shekara 10 ko tarar naira miliyan 25, kuma ba a cika samun mai sukarsa ba. Ƙaramin sashe na 1 shi ne mai rikici. Ya haramta aika saƙon da ya yi muni ƙwarai, ko na batsa, ko na rashin ɗa'a, ko mai ban tsoro. Ya kuma haramta aika saƙon da mutum ya san ƙarya ne da nufin ɓata rai, ko takura, ko cin fuska, ko haddasa gaba da ƙiyayya, ko jefa wani cikin damuwa ba gaira ba dalili. Hukuncin ya kai ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7, ko a haɗa wa mutum duka biyun.

Waɗannan kalmomi ba a Abuja aka ƙirƙire su ba. Wanda ya karanta sashe na 127 na Dokar Sadarwa ta Ingila ta 2003 zai ga kusan su ne aka kwaso, ita kuma wannan ta gaje su ne daga wata dokar gidan waya ta 1935. A wancan lokaci abin da ake nufi shi ne mutumin da zai ɗaga tarho ya yi wa wani batsa ko barazana, ko ya aika tangaraho na ƙarya don ya tayar wa wani hankali. Magana ce daga mutum ɗaya zuwa kunnen mutum ɗaya, kuma sau da yawa matan da ke haɗa layi a ofishin waya su ne suke fara jin ta. Da aka ɗauko wannan ma'auni aka ɗora a kan rubutun da aka yi domin duniya ta karanta, sai ma'anarsa ta sauya ɗungurungum, domin babu wata suka ta gaskiya da ba za ta ɓata wa wani rai ba. Ingila kanta ta ɗanɗana wannan a 2010, lokacin da aka hukunta wani saurayi saboda ba'ar da ya yi a Twitter a kan wani filin jirgin sama da ƙanƙara ta rufe, sai a 2012 babbar kotu ta wanke shi.

Wani abin mamaki kuma shi ne, Indiya ma ta ari irin waɗannan kalmomi ta saka a sashe na 66A na dokarta ta fasahar sadarwa, kuma ranar 24 ga Maris 2015 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke sashen gaba ɗaya, a bisa dalilin cewa kalmominsa ba su da iyaka, ɗan ƙasa ba zai iya sanin inda halas ta tsaya haram ta fara ba. Ba a cika wata biyu da wannan hukunci ba Nijeriya ta mai da nata doka. A 1909 an kwaikwayi Indiya wajen ɗaure baki, a 2015 kuwa da ta kwance nata ba a waiwaye ta ba.

5.0 Wa Dokar ta Kare?

Idan aka dubi shari'o'in da suka yi fice a ƙarƙashin wannan sashe, za a tarar masu ƙorafin yawanci gwamnoni ne da 'yan majalisa da manyan jami'ai da attajirai. A watan Agusta na 2019 aka kama Agba Jalingo, mai wata jaridar intanet a Jihar Kuros Riba, bayan ya yi tambaya a kan naira miliyan 500 da aka ware wa wani ƙaramin bankin jihar. An haɗa masa tuhumar cin amanar ƙasa da ta'addanci da ta laifin intanet, ya yi kusan wata 6 a tsare, kuma a 2022 kotu ta sallame shi. A watan Satumba na 2023 wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa wani tumatirin gwangwani da ta saya ya cika zaƙi. 'Yan sanda suka kama ta suka kai ta Abuja, daga bisani aka gurfanar da ita a ƙarƙashin wannan doka. Abin da ake yawan gani shi ne kamun da tsarewar da ɗauke mutum daga garinsu zuwa wata jiha su ne ainihin horon, ko da a ƙarshe ba a same shi da laifi ba.

Su kuwa waɗanda aka ce domin su aka yi dokar, labarinsu dabam ne. Akwai matan da tsofaffin samarinsu ko mazajensu suke yaɗa hotunansu na sirri, abin da a ƙasar Hausa yakan kashe aure ko ya hana shi, har ya bi yarinya da danginta shekaru. 'Yan wasan fim ɗin Hausa mata sun sha wannan, musamman a 2020, lokacin da aka yi wa wasu fitattu daga cikinsu taron dangi a kafofin sada zumunta. Akwai kuma mutanen da suka ci bashin kamfanonin da ke ba da rance ta wayar salula, waɗanda in an yi jinkirin biya sukan aika wa duk lambobin da ke wayar mutum saƙo cewa ɓarawo ne. Da hukuma ta tashi tsawatawa a kan wannan, ta wata hanya ta bi. Hukumar NITDA ta ci wani kamfani tarar naira miliyan 10 a 2021 bisa ƙa'idojin kare bayanan mutane, sannan hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Dalilin wannan giɓi ba ɓoyayye ba ne. Babbar Kotun Tarayya ce take da hurumin sauraron laifuffukan dokar, ita kuwa a manyan birane take, kuma kafin a je gare ta sai ɗan sanda ya karɓi ƙorafi ya yi bincike. Mai lauya da mota yana iya tura takarda gobe a yi kamu. Bazawarar da aka tozarta a ƙauye, wadda kunya ma ba za ta bar ta ta nuna wa ɗan sanda namiji hoton ba, ba ta da wannan gata.

Kotunan cikin gida ba su ga aibin sashen ba. Lauya Solomon Okedara da wasu ƙungiyoyin kare haƙƙi sun ƙalubalance shi, amma Babbar Kotun Tarayya da Kotun Ɗaukaka Ƙara suka dogara da sashe na 45 na tsarin mulkin 1999, wanda ya yarda a taƙaita 'yancin da sashe na 39 ya bayar domin tsaro da zaman lafiya da kare haƙƙin wasu. Kotun ECOWAS da ke Abuja ce ta saɓa musu. A watan Yuli na 2020, sannan kuma a watan Maris na 2022, ta yanke cewa sashen ya ci karo da sashe na 9 na Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, ta umarci Nijeriya ta gyara shi. A tsakanin waɗannan shekaru an yi yunƙurin ƙara tsanani, kamar ƙudurin Sanata Bala Ibn Na'Allah na 2015 da na Sanata Mohammed Sani Musa na 2019, duka ba su zama doka ba, ga kuma rufe Twitter da aka yi daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022.

6.0 Gyaran 2024

A watan Fabrairu na 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan gyaran dokar. An cire kalmomin ɓata rai da takura da cin fuska da damuwa. Abin da ya rage a ƙaramin sashe na 1 shi ne saƙon batsa, da saƙon da mutum ya san ƙarya ne ya aika da nufin ruguza doka da oda ko jefa rai cikin haɗari. 'Yan jarida sun yi maraba da wannan, kuma ci gaba ne. Amma idan aka yi masa duban tsanaki za a ga inda ya karkata. Ruguza doka da oda damuwar hukuma ce, kuma lafazin ya fi kama da na 1909 fiye da na 1935. Wato an rage abin da ya shafi mutum ɗaya da ake tsangwama, an bar abin da ya shafi gwamnati. Ingila da ta gyara nata a Dokar Tsaron Intanet ta 2023 ta ɗora laifin saƙon ƙarya ne a kan nufin cutar da wanda zai karanta shi, a jikinsa ko a hankalinsa. Kamu ma bai tsaya ba, domin a watan Mayu na 2024 an tsare ɗan jarida Daniel Ojukwu fiye da mako guda, kuma a watan Disamba na shekarar aka ɗauke lauya Dele Farotimi daga Legas zuwa Ekiti saboda littafin da ya rubuta, kafin a janye tuhumar a farkon 2025.

A Arewa kuwa mai neman kama wani ba lallai ne ya bi ta sashe na 24 ba. Kundin Final Kot da aka zartar a 1959, wanda aka gina a kan na Sudan, shi kuma daga na Indiya, yana nan da sashe na 391 da na 392 a kan ɓata suna. A watan Nuwamba na 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu masu barkwanci a TikTok bulala 20 kowannensu da tara da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda sun taɓa Gwamna Abdullahi Ganduje. A cikin watan ne kuma aka kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja a kan wata jimla guda ta Hausa da ya rubuta game da uwargidan shugaban ƙasa ta lokacin, sai da ƙungiyar ɗalibai ta yi barazanar zanga-zanga sannan aka janye ƙarar a farkon Disamba. Ghana ta soke irin waɗannan laifuffuka tun 2001.

Shari'ar ɗalibin nan ta taɓo wani lungu da ya shafi masu nazarin harshe kai tsaye. Dokokin da Ingilishi aka rubuta su, takardar tuhuma da Ingilishi take, amma maganar da ake tuhuma a kanta da Hausa aka yi ta, ko Yarabanci, ko Ibo, ko Turancin buroka. Kafin ta isa gaban alƙali sai ta bi ta hannun ɗan sanda mai bincike da tafintan kotu, waɗanda ba a horar da su a kan bambancin zambo da ba'a ba. Jimlar da Bakano zai faɗa wa Bazazzagi a yi dariya, idan aka juya ta kalma da kalma, tana iya fitowa a matsayin cin mutunci. Haka kuma habaicin da duk unguwa ta san da wa ake, wanda zai iya raba mace da mijinta, idan aka fassara shi sai ya fito fes, babu suna, babu zagi, babu abin da lauya zai kama. Lokacin da aka kawo Final Kot a 1960, gwamnatin Jihar Arewa ta sa an fassara shi da Hausa, aka kuma tara alƙalai a Cibiyar Koyon Aikin Mulki ta Zariya aka koya musu aiki da shi, domin an san da Hausa za a yi shari'ar. Saƙon da ake kawowa gaban Babbar Kotun Tarayya a yau kuwa, alƙalin da zai auna nufin mai shi yana iya kasancewa bai taɓa jin harshen da aka rubuta shi ba.